Lemun Farfesa Barría

Ni ne mai riƙe agogo.
Ita ke rungume da jakar takarda
wadda muka jiƙa gindinta tun a ofis
don ta fashe daidai matakala ta arba'in,
a Valparaíso, garin da gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki sun sami dutse.

Sai lemu ya watse.
Goma sha biyu, kullum goma sha biyu,
suna gangarawa wajen tashar jiragen ruwa.
Noemí Barría ta dafe ƙirji kamar gaske,
ni ina bayan turken fitila ina ƙirga:
daƙiƙa nawa kafin wani ya sunkuya?

Sau ɗari bakwai da tara muka yi haka.
Mai sayar da lemun ya ɗauka gidan marayu gare mu.

Ta ce ba zuciya take aunawa ba,
zuciya ba ta hawa sikeli.
Abin da take farauta shi ne ɗan shirun nan
da ke sauka a kan taro,
sa'ad da kowa ke satar kallon na kusa da shi
yana jiran a ba shi izinin zama mutum.

Ga abin da lemun ya gaya mata bayan shekara shida:
in mutum ɗaya ne a matakalar, nan take yake sunkuyawa.
In su ashirin ne, sai hannaye su shige aljihu.
Amma da zarar wani ya fara, ko yaro ne, ko mashayi,
sai ka ga duk sun lanƙwashe lokaci guda
kamar alkama ta ji iska.
Ta raɗa masa suna hannun farko.
Shafi goma sha ɗaya kacal ta rubuta,
manyan jami'a suka ce ya cika gajarta.

Akwai shekarar da ba na son tunawa.
Mun buga cewa talaka ya fi saurin sunkuyawa,
aka yi ta tafi, aka gayyace ta har ƙetare.
Wata ɗaliba, Maite Quilodrán, ta sake gwadawa a Temuco,
lissafin ya ƙi fita.
Farfesa ta kwana uku a kan tsofaffin takarduna
har ta gano ni ne:
ina saurin danna agogo
in na ga takalmin mutum ya tsufa.
Ba ta ambaci sunana ba.
Ta rubuta wa mujallar da hannunta: na yi kuskure.
Washegari ta aike ni sayen lemu.

Da gobara ta ci tudun da ke bayan kasuwa,
ta bi gida-gida da gwiwa mai ciwo
tana koyar da abu guda:
kada ka yi ihun a taimaka, iska ce za ta amsa.
Nuna mutum da yatsa,
ka ce, kai mai jar riga, kawo bokiti.
Har yau haka suke kiran juna a unguwar,
ko da gishiri ne za su ara.

Jiya na hango ta, shekara tamanin da ɗaya,
tana hawa a hankali da cefanenta.
Jakar ta fashe. Ba wanda ya jiƙa ta.
Albasa, burodi, kwalbar magani.
Ni kuwa na tsaya cak,
babban yatsana yana laluben agogon da babu.
Wata yarinya mai ƙarnin kifi a hannu ta sunkuya,
sai direban tasi, sai kowa da kowa,
sai ni can ƙarshe, da albasa guda.

Ta karɓa, ta dube ni ta saman tabarau.
Ta ce, daƙiƙa goma sha huɗu, Anselmo.
Kuma duk matakalar nan
kai kaɗai ka karanta takardar.